Kawusan, Ɗan Damargu: Rayuwarsa da Yaƙe-yaƙensa (1880-1919)

Duk wanda ya zauna ajin makarantar boko a Nijar ya ji sunan Kawusan, kuma akasari da birnin Agadas ake haɗa sunan nan, saboda ƙawanyar kwana 80 da aka yi wa barikin Faransawa a can daga ƙarshen shekara ta 1916 zuwa farkon 1917. Abin da mutane da yawa ba su riƙe ba shi ne, mutumin nan ɗan Damargu ne. A wannan ƙasa aka yanke masa cibiya, hatsinta ya ci ya girma, a rijiyoyinta ya shayar da raƙuma, kuma a kanta ya fara ganin abin da harsashi ke yi wa mai takobi. Rundunar da ya ja zuwa Agadas ba gadonta ya yi ba. Ya daɗe yana ɗan baya, ɗaya daga cikin ɗaruruwan samarin karkara waɗanda zuwan Nasara ya raba da gida ya mai da su mayaƙa, kafin duniya ta san da zamansa.

Asalinsa da ƙasar da ya tashi a cikinta

An haifi Kawusan wajen shekara ta 1880. Wasu takardu sun rubuta shi Kawusan ag Kedda, wasu kuma ag Muhammad wan Tagidda. Kalmar ag a harshen Tamajak ɗa take nufi. Ƙabilarsa ita ce Ikazkazan, ɗaya daga cikin manyan rassan Abzinawa, waɗanda tushensu ke cikin duwatsun Abzin, amma wani sashe nasu ya daɗe da gangarowa kudu ya riƙi Damargu wurin zama da kiwo.

Damargu ta wancan zamani rumbun Abzin ce. Matafiyin da ya fito daga arewa, bayan ya sha rairayi da duwatsu ya wuce Adarbisanat, a nan yake fara ganin karan hatsi da rumbuna jere a bayan gari. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ƙasar a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu. Manoman ƙasar, Dagirawa da Hausawa da Bugaje, su ke noma hatsin da ayarin Abzinawa ke ɗauka zuwa Fashi da Balma a musanya da gishiri da dabino, sa'an nan a gangaro da kantu da beza har Kano. Babbar hanyar fatauci ta Kano zuwa Tarabulus ma ta nan take bi. Larabawan Gadamas sun zauna a Jajiduna suna sayen gashin jimina da fatu, su aika arewa a bayan raƙuma. Ƙasar tana da arziki, sai dai ba ta da sarki guda da kowa ke bi. Kowane gari yana da Ba'abzinen da ya jingina da shi, ya ba shi hatsi bayan kaka, shi kuma ya tsare shi daga harin wasu. Kel Awai masu ayari suna da gonaki da bayinsu a nan. Imuzurag, ƙarƙashin shugabansu Musa, suna ganin hanyar tasu ce, duk ayarin da ya bi ta sai ya biya su. Tsakanin waɗannan biyu ba a taɓa rasa jiƙaƙƙa ba.

Yaron da ya tashi a zangon Abzinawa a irin wannan lokaci makarantarsa bayan raƙuma ce. Yana koyon sawu, da taurari, da nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya, da jure ƙishirwa. In ya balaga a naɗa masa amawali, a miƙa masa takobi da mashi da garkuwar walwaji. Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar, don tun zamanin Sarki Tanimun ana zuba igwa a birnin Damagaram, Larabawa kuma suna shigo da bindigogi daga Tarabulus. Amma ƴaƴan manyan Abzinawa raina ta suke yi. A ganinsu namiji shi ne wanda ya tunkari abokin gaba ido da ido, mai harbi daga nesa kuwa bai cika jarumi ba. Da wannan tarbiyya Kawusan ya kai shekara ashirin.

Zuwan Nasara

Cikin shekara uku kacal duniyar da ya sani ta birkice. Ran 5 ga watan Mayu na 1898 aka kashe Kapitan Kazamaju a Damagaram. Shekara ta zagayo, ragowar rundunar Vule da Shanwan, wadda ta bar toka da gawawwaki tun daga bakin Kwara, ta ci mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899, ta shiga birni. A watan Satumba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Ba a gama jin wannan ba sai ga wata runduna daga arewa, ta Furo da Lami, wadda ta keto Sahara daga Aljeriya, ta bar Agadas a watan Oktoba, ta ratsa Damargu da ƙafa, ta isa Damagaram a farkon Nuwamba. Mutanen ƙasar nan da idonsu suka ga wucewarta.

Manyan rundunonin suka wuce gabas neman Rabe, aka bar Sarjan Bouthel da ƴan sojoji tsaron Damagaram. Shi ne ya fito Damargu a watan Yuli na 1900, aka yi karo a Tanamari, aka kashe Musa shugaban Imuzurag tare da mayaƙansa masu yawa. Mahaya raƙuma da dawaki sun yi abin da iyayensu suka koya musu, sun zare takubba sun yi sukuwa, wuta ta tare su tun ba su kai ga kowa ba. A shekara ta gaba mutanen Musa suka rama a kan babban ayarin da ke kan hanyar Kano da Tarabulus, suka faɗa masa a Farak suka washe shi. Wannan rama ba ta dawo musu da ƙasa ba. Faransawa suka kafa bariki a Jajiduna, Kel Awai kuwa, da yake ayarinsu na bukatar hanya, suka zaɓi zaman lafiya da baƙin.

Waɗanda ba su yarda su sunkuya ba suka naɗe tantuna suka nufi gabas, maza da mata da yara da dabbobi, zuwa Kanem a bayan tafkin Cadi. Akwai Ikazkazan da yawa a cikin wannan ƙaura, kuma Kawusan na cikinsu. Bai sake zama a Damargu ba har ya bar duniya.

Shekarun koyon aikin soja

A Kanem masu ƙaurar suka sami mafaka wurin ƴan ɗariƙar Sanusiyya. Shaihu Muhammad bin Ali Sanusi, wanda ya rasu a 1859, shi ya kafa ɗariƙar, kuma almajiransa sun shimfiɗa zawiyoyi a rijiyoyin Sahara tun daga Barka har Kawar da Barku. Kowace zawiya makaranta ce, masaukin fatake ce, kotun sulhu ce. Da Faransawa suka matso sai ta zama ganuwa. Zawiyar Bir Alali ita ce ta kudu duka, kuma a can Abzinawan Damargu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da Larabawa. A watan Nuwamba na 1901 suka kori harin Faransawa na farko, har Kapitan Millot ya rasa ransa. A Janairun 1902 Faransawa suka dawo da ƙarfi suka ci wurin, duk ƙoƙarin ƙwato shi a cikin shekarar ya ci tura, an kuma yi asarar rayuka masu yawa. A shekarar ce shugaban ɗariƙar, Sayyid Muhammadul Mahdi, ya rasu a Guro, ɗan ɗan'uwansa Ahmad Sharif ya gaje shi.

Wannan shi ne zangon rayuwar Kawusan da masu ba da labari suka fi tsallakewa, alhali a cikinsa aka ƙera shi. Saurayi ne maras suna a tsakanin baƙi, yana cin abin da ya samu, yana kwana inda dare ya yi masa, daga Kanem zuwa Barku, daga Barku zuwa Ennedi. A hannun Larabawan Sanusiyya ya ga wani salon yaƙi dabam: a haƙa rami a ɓuya, a auna kafin a harba, a ƙirga harsashi kamar yadda bafatake ke ƙirga kuɗi, a ja da baya in ja da baya ya fi amfani ba tare da an ɗauke shi abin kunya ba. Ya ga kuma yadda ɗariƙa ke haɗa Balarabe da Batube da Ba'abzine a sahu ɗaya, abin da zumuncin jini bai taɓa iyawa ba.

A 1909 ya yi mubaya'a ya shiga ɗariƙar, ya kuma yi faɗa a yankin Ain Galaka, babbar ganuwar Sanusiyya a Barku. A 1910 aka ba shi jagorancin mayaƙa a Ennedi, karo na farko da aka ɗora masa irin wannan nauyi. Faransawa suka rinjaye shi, ya janye har iyakar Darfur, ƙasar Sarki Ali Dinar, daga baya ya komo Uniyanga. Da Kolonel Largeau ya ci Ain Galaka a watan Nuwamba na 1913, zaman Sanusiyya a arewacin Cadi ya ƙare, Kawusan kuwa ya riga ya fuskanci Fazzan. In aka ƙirga, shekara goma sha biyu ke nan yana yaƙi, kusan kowane babban karo an ci su. Wani da tuni ya nemi amana ya koma kiwo.

Fazzan da bindigogin Italiya

Sa'arsa ta juya ta inda bai zata ba. Italiya ta kama Tarabulus daga hannun Turkawa a 1911, ta kutsa kudu har Murzuk da Gat a 1914. A shekarar nan babban yaƙin duniya na farko ya ɓarke a Turai, Daular Usmaniyya ta shiga ɓangaren Jamus, aka yi shelar jihadi daga Istambul a watan Nuwamba. Kafin shekarar ta fita mutanen Fazzan da ƴan Sanusiyya suka tashi wa Italiyawa, suka kore su daga barikokinsu ɗaya bayan ɗaya. Masu gudu suka bar bindigogi na zamani, da akwatunan harsashi, da bindigogi masu jigida, har da igwa. Abin da Kawusan ya rasa tun Tanamari ya faɗo hannunsa.

Sidi Muhammadul Abid, ɗan'uwan Ahmad Sharif, shi ke riƙe da Fazzan da sunan ɗariƙa, kuma a ƙarƙashinsa Kawusan ya haɗa rundunarsa. Irin haɗin da ya yi ya bambanta da abin da Abzinawa suka saba. Bai tambayi ɗan wane ne mutum ba kafin ya ba shi bindiga: ɗan sarauta da maƙeri da buzu, da Larabawan Sha'amba, da Tubawa, da waɗanda suka gudo daga aikin sojan Nasara, duk ya sa su layi ɗaya ya hore su. Dattawan ƙabilu da yawa ba su so haka ba, kuma wannan saɓani ya bi shi har ƙarshe. A watan Maris na 1916 ƴan Sanusiyya suka ci barikin Faransawa na Janet. Kawusan ya zauna a Gat, ƙofar hanyar Abzin, wasiƙu suna kai da komo a asirce tsakaninsa da Sarkin Abzin Abdurrahman Tagama.

Halin da ƙasa take ciki

Tagama, Faransawa ne suka naɗa shi a 1908, sun kuma amince da shi ƙwarai. Abin da ya sa sarki irin wannan ya juya musu baya yana cikin halin da talakawansa suka shiga. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da ke bin raƙumi zuwa Tarabulus suka koma bin Ikko, fataucin Sahara ya durƙushe. Fari ya biyo baya, aka yi yunwar nan ta 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, wadda ta cinye mutane da dabbobi daga Abzin har ƙasar Kano, Damargu mai ciyar da wasu ta rasa abin da za ta ci. Duk da haka ba a ɗage lanho ba. Bugu da ƙari, Faransawa suka riƙa kama raƙuma da ƙarfi don jigilar kayan sojojinsu zuwa Balma da Tibasti da Cadi, kuma da yawa daga dabbobin nan ba su dawo ba. Wanda aka raba da raƙuminsa a ƙasar nan an raba shi da gonarsa da kasuwarsa gaba ɗaya. Yaƙin Turai ya zo ya ƙara da neman samari aikin soja, ya kuma rage yawan sojojin da ke tsaron barikoki.

A yamma, Fihrun shugaban Iwillimmidan ya riga ya tayar, aka karya shi a Andarambukan a watan Mayu na 1916, aka kashe shi a wata na gaba. Da tashinsa ya zo daidai da na Abzin, da aikin ya fi yi wa Faransawa wuya. Amma watanni bakwai suka raba su, aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙawanyar Agadas

Ran 13 ga watan Disamba na 1916 Tagama ya fito fili, aka datse barikin Agadas. Ran 17 ga wata Kawusan ya shigo birni da rundunarsa da igwarsa, ya sauka a babban soron nan da ke fuskantar masallacin Juma'a, wanda daga baya aka mai da shi otel. Ƙabilun Abzin suka yi ta kwararowa, masu so da masu tsoro, har mayaƙa suka haura dubu. A cikin bariki akwai Kapitan Sabatié da sojojin da ba su kai ɗari ba. A ƙarshen watan, ayarin gishiri na dawowa daga Balma da rakiyar sojojin raƙuma, ba su san abin da ake ciki ba. Mutanen Kawusan suka tare su a Tin Taborak, gabas da Agadas, suka kusa ƙarar da su. In Gal da sauran garuruwan Abzin duk suka fita daga hannun Faransa.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan waɗanda ke cikin barikin nan. In aka cire ƴan tsirarun Turawa, duk baƙaƙen fata ne, irin sojojin da ake ce wa ƴan Sanagal ko da ba su taɓa ganin Sanagal ba: ƴaƴan manoma daga ƙasashen Bambara da Mosi da bakin Kwara da ƙasar Hausa, wasu sun shiga don albashi, wasu mai gari ne ya miƙa su don cika adadin da kumandan ya yanka masa. Su suka sha ruwan igwa, su suka ci rabin ciki na kwana 80, su suka haƙa ramuka suka gyara katanga da dare. Takardun Faransa sun adana sunayen hafsoshi. Na waɗannan kuwa, in an rubuta, lamba ce da adadi. Haka abin yake a wajen katanga, inda makiyaya da bayi suka mutu ƙarƙashin tutar Kawusan. Yaƙin da ake kira na Abzinawa da Nasara, yawancin gawawwakinsa na ɓangarorin biyu ƴaƴan talakawan ƙasashen nan ne.

Igwar ta yi ta aiki, ta rushe sassan bariki, amma ba a ci shi ba. A nan masu nazarin tarihi suke ganin kuskuren Kawusan: ya tsaya kan katanga ɗaya wata biyu da rabi, harsashin igwa na ƙarewa, ba shi da inda zai samo wani sai Fazzan mai nisan tafiyar wata, alhali abokan gabansa na tara ƙarfi a kudu. Labari ya girgiza Damagaram, wadda ita ce hedikwatar mulkin soja na Nijar a lokacin, ya girgiza Dakar, har da Ikko. Gwamna Lugga ya ji tsoron kada wutar ta tsallaka Kano da Sakkwato, ya aiko da sojojin Nijeriya su tsare garuruwan arewacin iyaka don Faransawa su sami hannun tafiya Abzin. A farkon watan Fabrairu na 1917 Kolonel Mourin ya tashi daga Damagaram da runduna ta fiye da mutum dubu, da igwa da bindigogi masu jigida, wata rundunar kuma ta taso daga yamma ta nufi In Gal. Ran 3 ga watan Maris Mourin ya shiga Agadas. Kawusan da Tagama suka janye cikin duwatsu.

Abin da ya biyo baya tabo ne da bai goge ba. Aka bi gida gida, aka kama malaman birni waɗanda suka taru a masallaci suna neman amana, aka karkashe su da takobi. Waɗanda aka kashe a bainar jama'a a Agadas da In Gal sun kai wajen mutum 130.

Rabon Damargu

Hanyar Damagaram zuwa Agadas ta tsakiyar Damargu ta bi, saboda haka duk abin da rundunar Mourin ta ci, da abin da ta hau, da wanda ya ɗaukar mata kaya, kaso mai yawa daga garuruwan nan ya fito. Ƙasar da ba ta gama farfaɗowa daga Kakalaba ba aka buɗe mata rumbuna. Aka karɓi raƙuma da jakuna da takarkarai, aka ɗebi majiya ƙarfi aikin dako. Sarakuna da masu gari na wancan lokaci sun ga tasku irin wanda ba a so maƙiyi ya gani: kumandan na jiran adadi, wanda ya gaza a tuɓe shi ko a ɗaure; talakawa na kuka; dangi da surukai kuwa wasu suna can cikin duwatsu tare da masu tawaye. Gaba kura, baya siyaki.

Daga ɗaya ɓangaren ma ba a tsira ba. Bayan an kore shi daga Agadas, Kawusan ya koma yaƙin sari-ka-noƙe, irin wanda ya koya a Barku, ya yi shekara guda cur yana wahalar da rundunonin Faransa a cikin duwatsun Abzin. Amma dutse ba ya ciyar da runduna. Mayaƙansa suka riƙa gangarowa Damargu suna kwasar hatsi da dabbobi, a ƙasar da aka haife shi, daga hannun mutanen da ba su ci ba su sha ba. Shi ya sa ambatonsa a bakin zuriyar manoman yankin ya sha bamban da yadda littattafan makaranta ke kawo shi. Littafi na tuna mutumin da ya ƙi sunkuya wa Nasara, kaka kuwa ta ba jikokinta labarin shekarar da aka kwana a daji aka binne hatsi a rami. Duka biyun gaskiya ne.

Don su raba shi da abinci da mafaka, Faransawa suka kwashe mutanen Abzin daga kwaruruwansu, suka cike rijiyoyi, suka kama dabbobi, suka tara jama'a kusa da Agadas ko suka koro su kudu. Dubbai suka gangaro Damargu da Damagaram, wasu suka zarce ƙasashen Katsina da Kano, da yawa ba su koma ba. Gidaje da dama na Abzinawa da Bugaje da ke zaune a yankin Tanut da Balbeji da kudancinsu, zamansu ya samo asali ne daga wannan watsewa. Baturen Birtaniya Angus Buchanan, wanda ya bi ta Damargu zuwa Abzin a 1920, ya tarar da ƙauyuka na duwatsu an bar su kango, ba kowa sai dila.

Ƙarshensa

A watan Maris na 1918 Kawusan ya bar Abzin da sauran mutanensa, suka keta Tenere zuwa Tibasti, tafiyar da ƙishirwa ta kashe da yawa a cikinta. Daga can ya koma Fazzan neman makamai da niyyar ya dawo. Sai dai Fazzan ɗin da ya bari ba ita ya tarar ba. Ƙarfin Sidi Abid ya karye, ƴan Sanusiyya da masu goyon bayan Turkawa sun juya wa juna bindiga, yaƙin duniya kuma ya ƙare a watan Nuwamba da faɗuwar Jamus da Daular Usmaniyya. Kawusan ya faɗa cikin rigimar da ba tasa ba, mai riƙe da Murzuk a ɓangaren Turkawa ya kama shi. Ran 5 ga watan Janairu na 1919 aka rataye shi a Murzuk, bai cika shekara arba'in ba. Mutumin da ya yi kusan shekara ashirin yana faɗa da Faransa da Italiya, a hannun ƴan'uwansa Musulmi ajalinsa ya sauka.

Tagama ya fi shi kwana kaɗan. An kama shi a 1919 a arewa maso gabashin ƙasar, aka kai shi kurkukun Agadas, inda aka shaƙe shi da dare a ƙarshen watan Afrilu na 1920 bisa umurnin Kapitan Vitali, aka ce wai shi ya kashe kansa. Shekara biyu bayan haka, a 1922, aka ɗauke Nijar daga mulkin soja aka mai da ita cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 kuma hedikwata ta tashi daga Damagaram ta koma Yamai.

Zamanin mulkin mallaka duka, ɗan fashi da mai tsattsauran ra'ayi ake kiran Kawusan a takardun gwamnati. Sai bayan samun mulkin kai aka sake duba lamarinsa. Malam André Salifou, ɗan Damagaram, ya bi takardun ajiya ya kuma zauna da tsofaffin da suka ga yaƙin da idonsu, ya fitar da littafi a kansa a 1973, daga nan sunansa ya shiga darussan tarihi tare da na Tagama da Fihrun da Sarauniya Mangu da Amadu Kuran Daga. An sa wa babbar makarantar lise ta Agadas sunan Tagama. Kabarin Kawusan kuwa yana can Fazzan, tafiyar fiye da wata guda a raƙumi daga rijiyoyin Damargu inda ya yi kiwo yana yaro.